Ranar da Algaita ta Yanke

Daga Badaru mai algaita, a Agadas, zuwa ga Baba Kalla, Sarkin Busan Dakoro.
Watan Ƙaramar Salla, shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in ta Hijira.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da ban girma zuwa gare ka, Baba, ranka shi daɗe. Ina gaida mabusan garinmu duka, Kimba mai ƙaho da masu sarewa da masu farai, in sun yarda su karɓi gaisuwata. Bayan haka:

Ina raye. Na san wannan ba labarin da zai faranta ran kowa ba ne a Dakoro, amma wata takwas ke nan magana na cina a ciki, ta hana ni jin daɗin abinci. Shi ya sa na roƙi wani malami a nan ya rubuta mini. Malam Attaher na nan garinmu zai karanta maka.

Baba, kai ka koya mini aikin bakin rijiya tun ranar da ka fara sa mini algaita a baki. Ka ce rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su, masu jan igiya kan yi nisa har ba su ganin abin da ake yi a baki, don haka da kunne suke aiki. Muddin algaita na kuka, ja suke yi. In ta yi shiru, sun san an kama kaya ko mutum ya taka ƙasa, sai su saki. Ka ce ƙaho da sarewa da farai suna iya tsayawa su sha iska, amma mai algaita ba ya tsayawa, yana shaƙa ta hanci yana busa da kumatu, shi ya sa ran mai haƙa ke hannunsa. Ka ce kuma algaita biyu ake tsayarwa a bakin rijiya. Duk na riƙe, ban manta ko ɗaya ba.

Ranar nan Sa'adu, mijin yayata Hawwa'u, yana cikin sabuwar rijiyar gari, an kai gaba ashirin da biyu. Ya girgiza igiya a fito da shi. Na ɗauki busa, kana tsaye a damana, masu ja suka miƙa. Bai yi nisa da tasowa ba karan bakin algaitata ya tsage, sauti ya mutu a bakina. Taka ma ban ji ta ba, na tabbata firgita ka na yi. Masu ja suka saki kamar yadda aka koya musu, na ji faɗuwarsa daga can ƙasa. Har yau wannan ƙara ba ta bar kunnena ba.

Na tsaya har aka fito da shi, jini a kai, ƙafa a karye, ba ya motsi. Da na hango Hawwa'u ta taho a guje da tsohon ciki, sai ƙafafuna suka ɗauke ni. Kwana biyu na yi a dajin arewa da gari ina jiran abin da busa za ta faɗa, tunda kowane magidanci a garinmu da takensa: in an busa shi da sauri, alheri ne, in an ja shi a hankali, mai shi ya rasu. Rana ta uku da hantsi iska ta kawo mini taken Sa'adu. An ja shi, Baba. An ja shi a hankali, ana yankewa ana sake ɗauka, kamar kuka ya ci ƙarfin mai busar. Sau uku aka yi, ban jira na huɗu ba.

A Tagriss na gamu da ayarin wani Ba'azbine mai suna Rhissa, ya ɗauke ni ina ɗaura wa raƙumansa kaya. Mutumin kirki ne, bai taɓa tambayata abin da ya koro ni ba. Algaita tana cikin jaka. Ban kwance ta ba, na kuma kasa jefar da ita.

Ba dawowa nake nema ba. Abu biyu nake roƙo. Ka je wa Hawwa'u ka nema mini gafara, don ba ni da fuskar aika mata kai tsaye, ni da na raba ta da miji, na mai da abin da ke cikinta maraya tun bai ga duniya ba. A ba ta gonata da awakina. Na biyu, a ba wani wurina cikin mabusa, kada a riƙa ajiye mini tabarma.

Allah shi gafarta wa Sa'adu, shi yafe mini. Allah shi ƙara maka lafiya da tsawon rai. Haza wassalam.

Ɗanka mai laifi, Badaru.

*

Daga Hawwa'u a Dakoro zuwa ga ƙanena Badaru a Agadas.
Watan Bawan Salla.

Malam Attaher ya ce ba a fara takarda sai da gaisuwa. To, na gaishe ka. Ya ce gaisuwar ta yi kaɗan, na ce ya ƙara daga wurinsa in yana da ita.

Mamacinka yana gaishe ka. Yanzu haka yana zaune a ƙofar ɗaki, ya miƙe ƙafa yana shan fura, yana ce mini nonon ya yi tsami. Wata tara da rasuwarsa a wurinka, ni kuwa kullum sai na tuƙa masa tuwo. Badaru, Allah shi shirye ka! Tun kana ƙarami haka kake, ka fasa tulu ka je ka ɓuya a rumbu, a bar tulu a koma nemanka.

Takardarka ba ta hannun Baba Kalla na same ta ba. An karanta masa, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya shige gida, kwana huɗu bai ce wa kowa uffan ba. Matar Malam ce ta tsegunta mini a wurin daka. Na ajiye taɓarya na zo na tsare Malam har ya maimaita mini ita daga ka. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Wallahi da kana kusa da na mare ka sannan na rungume ka.

Ga abin da ya faru. Maigida ya farfaɗo a kwana na biyu. Bai tambaye ni ba, bai tambayi ƙafarsa ba, cewa ya yi, "Ina Badaru?" Da aka ce ka shiga daji, sai ya ce, "Ku busa mishi takena da sauri, shi ji ina nan, shi komo." To wa zai busa? Ƙaho da sarewa ba su kai inda algaita ke kaiwa, algaita kuma ta Baba Kalla kaɗai ta rage. Ya hau tudu ya ɗauka. Badaru, ba ja ya yi ba, iyakar saurinsa ke nan. Numfashi ne babu. Ya ce tun tashin hankalin ranar nan ƙirjinsa ya toshe. Mu da ke cikin gari mun san mutum na da rai, ba mu kawo komai a ranmu ba. Sai da la'asar ga wata tsohuwa daga tunga da ƙwaryar gero a kai, ta zo gaisuwar mutuwa, ta shigo da salati, ta tarar da mamaci an jingina shi yana shan kunu. Ƙwarya ta faɗi, kaji suka samu. A nan gabana ya faɗi, na ce to Badaru ma haka ya ji.

An nemi sawunka har Tsibiri da Maraɗi, don kowa ya ce mai algaita inda sarakuna suke zai nufa. Ba wanda ya zaci za ka je ka zama mai ɗaurin kayan raƙuma.

Na sauka lafiya, mace ce, an sa mata Ma'u. Hancinka ta ɗauko, Allah shi rufa mata asiri. Ranar suna mabusanku sun zo su shida, sun yi iyakar yinsu. Kimba ya yi ta gunji da ƙaho don ya rufe gurbinka, masu sarewa suka bi tasu hanya, farai na can yana nemansu, jaririya ta tsala ihu ta fi su duka daɗin ji. A gayyar noman bana ma haka aka yi, manoma suka ce su yi shiru a yi aiki. An kira su biki a Bader Goula, suka dawo ba wanda ke son ba da labari. Amma ban ce ba su da zuciya ba. Duk Alhamis suna taruwa a gindin aduwa kamar da, kuma tabarmar da ka ce kada a ajiye maka, Kimba ke shimfiɗa ta da hannunsa.

Rijiya kuwa tana nan yadda ka bar ta, an rufe bakin da ƙaya. Ba mai sauka, tunda ba algaitar da za a dogara da ita. Tsohuwar rijiya ba ta isar gari, da jakuna muke zuwa Korahane. In na fita da sassafe sai azahar ta gota nake dawowa, da goyo a baya.

Maigida ya ce a rubuta maka wannan yadda ya faɗa: "Ƙahwa guda ta gajarce, amma tana kai ni gona tana maido ni. Ba ni riƙe da kai da komi. Taho gida." Awakinka kuma ka riƙe abinka, sun cinye mini rama.

Ka gaida Rhissa, Allah shi saka masa da alheri. Ka biyo ayarin da ya kawo maka wannan. Wassalam.

Yayarka, Hawwa'u.

*

Daga Badaru a Agadas zuwa ga Yaya Hawwa'u.
Watan Layya.

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, Yaya, da maigidanki, da 'yata Ma'u da ban gani ba. Allah shi raya ta, shi gyara mata hanci.

Da malami ya kai inda kika ce yana shan fura, na ce ya tsaya ya sake. Ya sake. Na ce ya ƙara. A karo na uku na faɗi na yi sujada a kan yashi, na kasa tashi. Rhissa ya zaci mutuwa aka aiko mini, da ya ji zance ya yanka ɗan akuya. Yaya, ranar na ci nama na san nama nake ci. Na yi barci tun bayan isha'i har rana ta fito a kaina. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da kika sauke mini.

Amma ayari ya tashi ba da ni ba, kuma dole in faɗa miki dalili, don abin da na rubuta wa Baba Kalla rabi ne.

Karan nan bai tsage da kansa ba. Da safiyar ranar, ina jiƙa shi, na ga ɗan tsagu a gefensa, siriri kamar gashi. Akwai sabo a jakata, na yanke shi na gyara shi tun kwana ɗaya kafin nan. Sai dai sabon kara muryarsa a bushe take, sai ya kwana biyu yake daɗi, tsohon kuwa ya yi laushi, yana kuka yadda nake so. Ranar kuma mabusan Bader Goula sun zo kallon haƙa. Na so su koma gida su ce sun ji algaitar Badaru. Na ce a raina zai kai yamma. Da idona a buɗe na sa ran mijinki a kan tsagaggen kara don baƙi su yaba mini.

Kin ga ke nan, yafewar da ya yi, bai san abin da yake yafewa ba. Ki faɗa masa duka. Ko ya sake yafewa, ni ban yarda da kaina a bakin rijiya ba. Jiya na kwance jaka don in duba ko algaitar ta bushe, hannuna ya hau rawa tun ban kai ta baki ba. Mai rawar hannu ba a ba shi ran mutum. Ku aika Tsibiri a samo mabushi, akwai waɗanda suka fi ni.

Baba Kalla bai ba ni amsa ba. Na san fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Shekara goma sha biyar yana koya mini, na zubar masa da mutunci a gaban baƙi. Kada ki matsa masa.

Na ba madugu ɗan gishiri da dabino a kawo miki, da ƙaramin abin wuya na Ma'u. Ki gaida Kimba, ki ce ya naɗe tabarma. Allah shi sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanenki, Badaru.

*

Daga Hawwa'u zuwa ga Badaru.
Ƙarshen watan Cika Ciki.

Ina gaishe ka, ƙanena. Gishiri da dabino sun iso, an gode. Yau ba ni da wasa, ka saurara da kyau.

Na sa an karanta takardarka a gaban maigida, ba a rage komai ba. Ya shafa ƙafarsa, sannan ya ce, "Ni sau nawa nis sauka da igiyad da na san ta tsuhwa, don ƙiwuyar tukka sabuwa? Allah yat tsare kawai. Ki ce mishi na ji, kuma maganata tana nan." Ni dai na yi fushi da kai kwana biyu, ba zan ɓoye maka ba. Na dubi ɗingishinsa na ce ashe don mutanen Bader Goula ne. Fushin ya wuce, don akwai abin da ya fi shi.

Mabushin Tsibiri da kake faɗa, an kawo shi. Gwani ne, ba ƙarya. Amma a ƙofar manya ya saba, in ya yi busa kaɗan sai ya cire algaita daga baki ya yi kirari. Aka gwada shi da wasaki cike da duwatsu, wasaki na tsakiyar rijiya ya tsaya yabon maigari. Duwatsu suka koma inda suka fito, shi ma ya koma inda ya fito.

Ruwan Korahane ya ja baya, makiyaya sun cika bakin rijiyar, wata rana sai mu dawo da rabin salka. Gida uku sun kwashe sun yi kudu. Masu haƙa sun ce ƙasar da aka fito da ita ranar ƙarshe da sanyi-sanyi, bai fi gaba biyu ko uku ya rage a tarar da ruwa ba. Sun ce kuma ramin ya ga damina ɗaya a buɗe, ba zai ga ta biyu ba, rushewa zai yi. Don haka maigida ya rantse a gaban jama'a zai sauka kafin ruwan farko, ko wa zai busa. Baba Kalla ya ce shi zai busa. Badaru, mutumin da ba ya iya kai take ƙarshe! Na yi magana, na yi kuka, ka san surukinka in ya kafe.

Ina jin tsoro, ƙanena. Takabar da ka sa ni a takarda, in ka zauna a Agadas, zan yi ta da gaske. Rawar hannunka ta fi mini ƙirjin Baba Kalla.

Na ɗauki takardarka na kai wa tsohon da kaina, ko da ka ce kada in matsa masa. Da aka kai inda ka ce yana da gaskiya ya yi fushi, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce in fita, Malam ya tsaya. Tasa takardar za ta biyo bayan wannan, ban san abin da zai faɗa ba.

Ma'u ta fara rarrafe. Wassalam.

Hawwa'u.

*

Daga Kalla, wanda ake kira Sarkin Busan Dakoro, zuwa ga ɗana Badaru.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina gaida mai masaukinka. Bayan haka:

Ka ce fushi ya hana ni ba ka amsa. Kunya ce, ɗana.

Na koya maka algaita biyu ake tsayarwa a bakin rijiya, ban taɓa gaya maka dalili ba don na ɗauka a fili yake. Kara yakan tsage. Mutum yakan yi tari, ƙuda yakan faɗa masa a hanci. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka ajiye na biyu, in ta farko ta yanke ta biyu na riƙe da igiya. Tsagewar karanka laifi ne, ban wanke ka ba, amma laifi ne da aka riga aka yi wa tanadi. Ni ne tanadin.

Ka rubuta cewa firgita ni ka yi. Ba ka firgita ni ba. Ranar nan ba busa nake yi ba. Damina uku ke nan numfashina ya ƙare. Nakan ɗauka tare da kai, in yi ɗan abin da zan iya, sannan in cika kumatu da iska in riƙa motsa yatsu. Muryar algaitarka ta isa ta biyu, ba wanda ya gane, kai da ke gefena ma ba ka gane ba. A biki da suna da ganin wata wannan bai cuci kowa ba, sai na saba, har na kai shi bakin rijiya. Na ji tsoron ranar da za a ce Kalla ya tsufa, a karɓi algaitar da ubana ya bar mini. Da taka ta yanke na nemi iska a ƙirjina, babu. Daga baya na ce wa mutane tashin hankalin ranar ne ya toshe ni, suka tausaya mini, na karɓi tausayin. Kai kana daji da laifinka da nawa, ni ina gida ana yi mini sannu.

Da takardarka ta farko ta zo na so in yi magana, na kasa. Har cewa na yi zan busa wa Sa'adu, don kada a tambaye ni dalilin ƙi. Ka dubi inda kunya ta kusa kai ni. Sai da na ji ka tona kanka a kan tsagun da ba wanda ya gani sai kai da Allah, sannan na ga ba ni da wurin ɓuya.

Jiya bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa gari abin da na faɗa maka. Wasu sun zage ni, sun kyauta. Sa'adu ya zo da sandarsa ya kama hannuna ya raka ni gida, wannan ya fi zagin zafi.

Ga abin da muka shirya. Na ba Kimba algaitata. Tun bayan tafiyarka yake koyon numfashi a ɓoye, da ƙwaryar ruwa da karan hatsi, yana hura kumfa da farin gemunsa, matarsa na yi masa dariya. Yanzu yana riƙewa har mutum ya je gonar maigari ya dawo. Muryarsa ba daɗi, amma ba ta yankewa. Mun kuma kafa doka: kafin mai haƙa ya sauka, kowace algaita za ta yi kuka ita kaɗai ya ji da kunnensa, ya karɓi kara ya duba da idonsa. Ni zan zauna a ƙasa da jakar karare, aikin da ya rage mini ke nan.

Sa'adu ya yarda ya jira har ƙarshen watan Gani, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba. Kimba ɗaya ne, ana bukatar biyu. Ba umarnin sarki nake ba ka ba, na ajiye wannan. Roƙo ne. Ka yafe mini, ka zo.

Allah shi kawo ka lafiya. Haza wassalam.

Kalla.

*

Daga Badaru a Dakoro zuwa ga maigidana Rhissa a Agadas.
Watan Gani, saura kwana uku.

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Na iso lafiya, raƙumin da ka ara mini yana hannun madugu. Ka ce in aiko maka da yadda aka ƙare.

Kwana shida aka yi ana haƙa. Kullum da safe Sa'adu kan karɓi karana ya ɗaga shi a rana ya juya, ya miƙo mini.

Jiya da hantsi ya girgiza igiya. Na ɗauka, Kimba na gefena, ƙaho da sarewa da farai suka bi masu ja. Na rufe ido, don ba na iya kallon igiyar. Ina jin guɗa ta tashi, ina jin ana kiran sunana, amma na kasa tsayawa. Kimba ya yi shiru, ni ina busa. Ashe tuni Sa'adu ya fito an kwance shi, masu ja kuwa, tunda algaita ba ta yi shiru ba, sun yi ta tafiya da igiya ba kowa a kanta har suka shiga gonar maigari.

Sai na ji an kama algaita an zare ta daga bakina. Na buɗe ido, Sa'adu ne tsaye a gabana, jiƙe sharkaf har ƙugu, laka na ɗiga daga hannunsa a kan rigata. Ya ce, "Ya isa, Badaru. Na hito."

Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban gari duka, ban ji kunya ba. Ruwan yana da daɗi, ba gishiri. In ayarinka ya biyo ta nan, raƙumanka za su sha kafin nawa awaki.

Allah shi saka maka da alheri. Wassalam.

Badaru mai algaita.